Baba Mai Makulli da Ɗigon Ruwa a Sirinji

Kafin a buga ƙararrawar safe, Baba Mai Makulli ya riga ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ya wanke kwalabe, ya bi bututun gas yana shinshinawa ko akwai inda yake yoyo. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki a makarantar, sai makon nan ya ajiye. Kowa na ƙaunarsa, in ka cire malamin kimiyya, wanda kishi ya daɗe yana ci.

Malam digiri biyu gare shi, Baba ko takardar sakandare ba shi da ita. Amma tsofaffin ɗalibai in sun zo ziyara, a tsaitsaye suke gaida Malam, su zarce wurin tsoho su durƙusa. Abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Asalin maganar, wata rana Malam ya cika allo da lissafin iskar littafi, wadda ƙwayoyinta ba su da jiki, ba sa jan juna, kuma duk yadda ka matse ta ƙanƙancewa kawai take yi. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu: "Malam, to me ya sa in na girgiza tukunyar gas ɗin gidanmu nake jin ruwa a ciki?" Malam ya ƙara lissafi, aji ya ƙara ruɗewa. Baba ya taso daga lungunsa, ya zuƙi gas ɗin laita a sirinji, ya toshe bakin, ya danna. Sai ga ɗigon ruwa.

Ya ce, "'Yata, ta allo ba ta san wuya ba. Ta gaske in ta ji matsi ko sanyi, ƙwayoyinta sai su rungumi juna, ta koma ruwa."

Da masu duba makarantu suka zo, Malam ya yi musu wannan gwaji a matsayin nasa, aka ba shi lambar yabo. Baba ne ma ya buga ƙusar da aka rataye ta.

Kai ne, Baba, ka koyar da aji ba ka taɓa alli ba. Kai ne aka ɗauki abinka a gabanka, ka ce Allah ya sa albarka.

Sai ga shi shugaban makaranta ya ɗora wa Malam jawabin bankwana da Baba. Kwana uku yana rubutu yana yagewa, don ya san in ya faɗi gaskiya girmansa ya zube gaban ɗalibansa. Jiya ya tsaya gaban taro, ya dubi tsoho.

"Baba, shekara tara ina jin haushinka. Gwajin nan naka ne, ni ɗauka na yi."

Baba ya yi dariya. "Haba Malam, ai kowa ya sani. Tsofaffin ɗaliban nan a gabansu na yi shi. Kai muke jira ka faɗa da bakinka."

Mun gode, Baba. Masu aiki a bayan fage su yi koyi da haƙurinka. Wanda kuma yake da irin wannan tsoho a wurin aikinsa, ya faɗi alherinsa tun kunnensa yana ji.