Zaren da Basilla Ta Hana a Cire

Yayata ɗinkin bakin buhu take yi a layin 'yan hatsi, shi ya sa ake ce mata Basilla. Ba ta da wasa. Wani ɗan dako ya taɓa kai mata hannu inda bai kamata ba, ta caka masa allurar a bayan hannu har ta ɓullo ta tafi.

Shekara shida da suka wuce gwaji ya nuna wata tsoka a bakin mahaifarta tana shirin zama ciwon daji. Likita ta yanke wurin. Ta tsira, amma bakin ya gajarce, ba ya iya riƙe nauyi. Ciki biyu suka zube a wata na biyar. Na biyun a rumfa ya faɗo, tsakanin buhuna, namiji, yana motsi. Da ƙanwar mijinta ta ce ai zafin zuciyarta ne ke dafa 'ya'yan, sai da mutum uku suka ɓamɓare hannunta daga wuyan matar.

A ciki na uku likita ta ɗinke bakin mahaifar da zare mai ƙarfi, ta ce in wata tara ya kama a zo a cire, domin naƙuda a kan ɗinki yaga nama take yi. Ni na raka ta ranar cirewar. Tana ganin almakashi ta shure farantin kayan aiki, ta fasa wa ma'aikaciyar jinya tabarau da gwiwar hannu.

"Shekara ashirin ina ɗinki," ta ce. "In an farke bakin buhu zuba yake yi. Ba mai taɓa mini zare."

Na yi lallashi, na yi zagi, a banza. Tsoro ne, kuma na san inda ta samo shi.

Naƙuda ta zo mata da rana tsaka a rumfa. Zaren bai tsinke ba, naman ne ya yage. A motar ɗaukar hatsi muka kai ta asibiti, jini ya jiƙe buhu biyu, tana cizon kafaɗata har yau da tabo. Aka ciro 'ya mace, jinin ya ƙi tsayawa, dole aka cire mahaifar.

Da ta farfaɗo ni na gaya mata an cire mahaifar, ina ja da baya kada ta kawo duka.

"Yarinyar tana numfashi?"

Na ce tana yi.

"To miƙo mini ita. Abin da suka cire, su riƙe."