Ɗan Leƙen Sashenmu

Shekara tara muka yi a ofis ɗaya da mutumin da ake kira Ɗan Leƙe. Malamin ƙididdiga ne, kuma a da ba laifi. Sunan ya same shi ne a shekarar da ɗalibai suka fara guje mana suna tafiya sabuwar jami'ar da aka buɗe a tsallaken gada, har hukuma ta ce in ba su ƙaru ba za a rufe sashenmu.

Shugabar sashe ta kira taro. Ta ce, "Sai mun san sirrinsu. Wa zai riƙa leƙo mana?"

Kafin ta rufe baki ya ɗaga hannu.

Daga nan ya samu sana'a. Duk taron da za a yi a can yana ciki, da baƙin tabarau, wai ɓad da kama, alhali rabin malamansu shi ya koyar da su. Har kujera suke ba shi. Ya ƙirga fankokinsu. Ya auna faɗin allon sanarwarsu da tafin hannu. Ya dawo da rahoto mai shafi arba'in, muka zauna muna gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Ya ce bangonsu shuɗi ne, muka shafa shuɗi. Ya ce sun sauya wa darussansu suna, muka sauya wa namu, takardun koyarwar kuwa suna nan yadda muka gaje su, har sun yi ja. Ɗaliban ajinsa na ranar Talata su zauna su gaji, su rubuta "mun zo" a allo, su watse. Malam yana bakin aiki a tsallaken gada.

Na taɓa ce masa, "Abokina, wanda akuyarsa ta ɓata, ai turke yake fara dubawa."

Ya yi dariya. "Dattijo, zamani ya wuce ka. Yanzu bayanai ne makami."

Ana saura mako biyu hukuma ta zo ƙirga kawuna, sai 'yarsa ta fari ta shigo ofis da takardar samun gurbin karatu. Ya karɓa yana murmushi, sai ya ga tambarin tsallaken gada.

"Ke! Gidan abokan hamayya? Me suke da shi da ba mu da shi? Shekara uku ina bincike!"

"Baba, ai da ka tambaye ni. Ƙawayena sun ce a can, in an rubuta darasi ƙarfe takwas, malami yana shigowa ƙarfe takwas."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sa mini hannu, ana jira na."

Ya laluba aljihu, babu biro. Na miƙa masa nawa.

An rufe sashen. Shi kuwa an mayar da shi ɗakin ajiye fayil, inda na ji yana haɗa rahoto a kan musabbabin abin. An ce ya kai shafi sittin.