Zobe Bakwai na Daɓen Inna

Damina biyu bayan an mayar da tuƙin mota hannun dama, shekarar da fari ya ƙone mana gero, ranar wata kasuwar Ƙarfi, wani saurayi ya jingine babur a gindin ɗorawar ƙofar gidanmu. Ni Talatu ban fi shekara goma sha ɗaya ba, ina tsugune ina fasa tsingaro. Ya sauko da igiyar awo a aljihu da wani faffaɗan littafi a hammata. Ya ce sunansa Yohanna, ɗan malamin mishan ne daga Malumfashi, yana karatun zana gine-gine a Zariya, kuma labarin daɓen Inna ne ya kawo shi.

To, ba a yi mai daɓe kamar Innata ba a duk ƙasar nan, duk mai musu ya je ya tambaya. Mu yara mu ke tsinto fasassun tukwane, mu jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa mai ƙarfafa daɓe, mata su jeru da madaɓai suna bugun ƙasa suna waƙa, ita kuma tana bi tana jera tsingaro, ja da baƙi, har zane ya fito. Akwai zane guda da ta gada wurin uwarta, wanda ba ta taɓa yi wa ɗakin kowace amarya ba sai nata ɗakin: zobe bakwai masu shiga juna, da ƙulli a tsakiya, ba ka gane inda wannan ya fara wancan ya ƙare. Wannan zanen baƙon yake so ya gani.

Baba ya tsayar da shi a zaure. Ina aka taɓa jin baƙo namiji ya shiga ɗakin matar aure, wai don ya kalli ƙasa? Kafin la'asar magana ta gama unguwa. Wasu suka ce ɗan gwamnati ne, duk gidan da ya auna hanya za ta bi ta kansa. Wasu suka ce asiri yake haɗawa a littafin nan. Sati uku yana zuwa, yana zana rumbunanmu da bakin zaure, ya ci tuwonmu ya yi ta godiya, godiyar nan kuwa ita ta ƙara wa Inna zargi. "Mai yawan na gode, a dubi hannunsa," haka take cewa. Tsoronta kada ya ɗauke zanen uwarta ya kai birni, gobe kowace mai madaɓi ta iya.

Da nacinsa ya ishi Baba, sai Baban ya ce tunda baƙon ba zai shiga ba, yarinya ta zana masa a ƙasa. Inna ta ja ni bayan rumbu ta kama mini kunne. "Ke Talatu, kika ba shi na gaskiya, ba ni ba ke. Biyar za ki yi, ki kwance ƙullin tsakiya." Na share ƙasar zaure na zana da yatsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ƙanwata, haka yake?" Na ce, "Haka yake, Malam." Ya kwafe a littafinsa ya tafi. Ranar Inna har guɗa ta yi.

Ina goyon ɗana na uku, ina aure a Funtuwa, aka gayyace mu biki a wani sabon ɗakin taro. Ina sa ƙafa na tsaya cak. Zobe biyar ɗina ne shimfiɗe tun daga ƙofa, ga su a ƙarfen tagogi, ga su a labule. Aka ce aikin wani Yohanna ne, kuma duk inda ya je yana faɗa wa mutane wurin wata mata da 'yarta ya samo shi a ƙauye. A lokacin Inna ta riga ta rasu, yayana kuma ya malale ɗakinta da siminti. Na koma gida na share ƙasa don in zana na gaskiyar, yatsana ya yi biyar ya tsaya. Har yau ƙullin nan ya ƙi zo mini.

Yanzu ko'ina siminti ne da tayil, ba ka jin bugun madaɓi ko a ɗakin amarya. Cikin matan da suka yi daɓe da Inna saura Hajiya Kande kaɗai, ita ma ido ya tafi. Yohanna an ce yana Kaduna da ransa, ya yi furfura. Sai ni, wadda ta san zobe biyu sun ɓace.