Dambun Larai da Gefen Alhaji Muttaka

A lungun da ke gangarowa daga gindin Dutsen Dala, duk wanda ka tambaya gidan Larai zai nuna maka da baki, ya ce ka bi ƙamshin daddawa. 'Yar unguwar Dukawuya ce. Mahaifiyarta ɗan wake take sayarwa, kuma tun Larai ba ta kai tsayin turmi ba ta san yawan kanwar da ke sa ƙullu ya yi laushi da wadda ke sa shi ɗaci. Aure ya kawo ta Dala, gidan Malam Gwadabe mai wankin hula, mutumin da ko akuya ta ci masa kaya sai ya ba ta haƙuri. Shekara talatin da ɗoriya suna tare, 'ya'ya duk sun yi nasu gidajen. Ita kuwa Larai, Allah ya yi ta da fara'a da kyauta, sai dai fa ba ta mantuwa. Za ta iya gaya miki launin zanen da kika ɗaura ranar da kika ɓata mata rai.

Mazan lungun suna da ciyayya tun zamanin iyayensu. In an idar da sallar magariba, kowa ya shiga gida ya fito da kwanonsa, a baje tabarma a ƙofar gidan Gwadabe, a ci tare. Matan ba sa fitowa, amma su ake yi wa hukunci, domin kwanon da ya koma a wanke mai shi ta kwana da daɗi, wanda ya koma a cike kuwa sai dai a yi shiru. Madafin Larai bango ɗaya ne ya raba shi da tabarmar, don haka ko tari aka yi tana ji.

Da nama ya yi tsadar da ya gagari masu ƙaramin ƙarfi, Gwadabe ya daina biyawa ta wajen mahauta, Larai ta ci gaba da girkinta haka nan. Wata Talata ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa kuka, Gwadabe ya fita da shi. Alhaji Muttaka, dillalin gidaje wanda kwanonsa ba ya rabuwa da ƙashi da tantaƙwashi, shi ya buɗe. Ya sa ɗan yatsa ya zagaya cikin miyar sau biyu, ya ɗago.

"Malam Gwadabe, na shiga na fita ban haɗu da kowa ba. Ko mutanen gidan sun yi tafiya ne?"

Aka fashe da dariya. Ya mayar da murfi ya ture kwanon gefe. "Ku matso nan, jama'a. Lami sai marasa lafiya."

Kwanon ya dawo yadda ya fita, har da sawun yatsa a kan miyar. Washegari Gwadabe ya ce kansa na ciwo, a ɗaki zai ci. Jibi ma haka. Kusan mako uku mutum yana jin hirar abokansa a ƙofar gidansa, shi yana ciki yana tura loma kamar mai takaba. Wannan shi ya ƙona ran Larai. Ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara wajen matar Alhaji ba, don baiwar Allah ba ta yi mata komai ba. Ta dai ɗaura aniya biyu: mijinta zai koma tabarmarsa da kai a sama, Muttaka kuma sai ya ji a jikinsa.

Ta soma da miyar da aka wulaƙanta. Ta surfa wake ta daka, ta dafa shi da daddawa da albasa har ya narke ya zama romo mai kauri, sannan ta kaɗa kuka a kai, ta ɗiga man shanu. Ta miƙa wa Gwadabe.

"Malam, ɗauki ka fita."

"Larai, a bar zancen nan mana."

"Ni na ce zance? Abinci na ba ka. In ba ka fita da shi ba, wallahi na yafa mayafi na kai da kaina."

Ya fita. Ta koma jikin bango ta kasa kunne. Sai ga muryar Malam Hashim ladan: "Kai! Miƙo nan, miƙo nan." Kwano ya dawo kamar an lashe.

Daga ranar ta buɗe musu wuta. Yau ɗan wake da soyayyen mai da yajin ƙuli-ƙuli, gobe faten tsaki da yakuwa da gyaɗa. Ran Juma'a tuwon shinkafa da taushe, kabewa ta nuna luguf, ta soya awara ta jefa a ciki ta sha miya. Babu wanda ke cin ta awa ɗaya a madafi, babu wanda ke da ko ƙashi a ciki. Kuma ta lura da abu guda: abincin gidan Alhaji sai an jira nama ya yi laushi, yakan makara. Sai ta riƙa sauke nata daidai kiran salla, ya fita da tururinsa. Kafin a buɗe na Alhaji, cikin kowa ya ɗauka.

Kwana tara Muttaka yana zaune shi kaɗai da kwanonsa, yana tauna yana kallon gefe. A na goma aka yi dambun zogale. Larai ta ji Malam Hashim yana cewa, "A'a, Alhaji, hannun wa nake gani? Ko ba ka da lafiya ne?"

"Ɗanɗanawa zan yi, kada a ce na raina."

Ya ɗanɗana har sai da ya ga gindin kwano.

To, wata macen a nan za ta tsaya. Larai ta bari ya saba tukuna, har ya kai shi ke fara tambayar me aka dafa a gidan Gwadabe. Ta san yadda ake cin kwano ɗaya: kowa gabansa yake ci, babban mutum ba ya kai hannu gaban wani, in ya yi ya zubar da girmansa. Ta kuma san dambu ba miya ba ne, abin da ka binne a gefe a nan zai zauna. Ran wata Lahadi ta turara dambu ya yi washar-washar, ta daka ƙananan barkono masu tashin kai, cikin tafi guda, ta cusa a ƙarƙashin gefe ɗaya, ta rufe da zogale da albasa.

"Malam, ka ga inda fentin kwanon ya ɗaye? Ka juya wa Alhaji nan. Na ƙara masa mai, babba ne."

Gwadabe har da sa mata albarka.

Loma ta farko lafiya. A ta uku Alhaji ya yi tari. A ta biyar ya cire hula.

"Jama'a, ba ku ji yajin nan ya yi yawa ba?"

"Wane yaji?" in ji Malam Hashim da cikakken baki. "Ni har ina neman ƙari."

Sauran ma suka ce daidai yake. Alhaji ya dubi gaban Hashim, ba halin kai hannu. In ya tsame hannu kuma a ce ɗan yajin da kowa ke ci ya kori mai cin tantaƙwashi. Haka ya ci gaba, hawaye na bin gemu, majina na zuba, yana shaƙar iska ta baki kamar wanda ya hau Dala da gudu.

"Alhaji, kuka kake?"

"Mura ce."

"To a kawo masa lami, marasa lafiya shi suke ci!"

Larai ta toshe baki da gefen zani, ta zauna a kan turmi tana ƙunshe dariya.

Da aka watse, Gwadabe ya shigo da kwano. Ɗan abin da ya rage a gefen da fenti ya ɗaye ya tattara ya jefa a baki, don ba ya son a zubar da abinci. Ya tsaya cak. Ya sha ruwa moɗa biyu, ya dube ta ya daɗe, idonsa jawur. Ta ci gaba da wanke tukunya. Ya shige ɗaki.

Washegari da magariba ta zuba wake da shinkafa, ta yanka albasa da tumatir a kai, ta miƙa masa. Ya kai bakin zaure, sai ya dawo, ya rage murya.

"Larai, yau ina ne gefen Alhaji?"