Na Je Kwandiko Ɗauko Ummi

Shekara biyu aka hana jikata Ummi makaranta, wai maganin da aka ɗiɗɗiga mata tana jaririya ya dakushe mata ƙwaƙwalwa. Uwarta na ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, maganin nan shi ya tsare yarinyar. Ban yarda ba, shi ya sa na ɗaura zane.

Mun tashi da asuba daga Birnin Kudu, ni da ƙanwata. Kuɗin mota ya ƙaru, ramukan hanya kuwa suna nan yadda na bar su bara. Amma gonaki sun yi kyau, an yanke riɗi an jingina, dawa ta sunkuya. A Gwaram muka sha fura mai kauri, nonon har da maiƙo, sannan muka hau acaɓa zuwa Kwandiko.

Kakarta ta wajen uba ta karɓe mu da tuwon dawa miyar kuka, ba laifi, hannunta na da daɗi. Da na tayar da zancen sai ta ce, "Hajiya, yarinyar da sai da ta shekara uku ta yi magana, me za ta gane a aji?"

Na ce, "Ni sai da na shekara arba'in na gane baƙi. Wane magani aka ɗiga mini?"

Na karɓi katin asibitin yarinyar ina haɗa baƙaƙen da ƙyar. Ummi ta leƙo ta kafaɗata, ta dangwala yatsa. "Inna, wannan ne farkon sunana." Ashe in ta kora awaki, bayan tagar firamare take tsugunawa. Tsohuwa ta riƙe haɓa.

A dawowa na biya asibiti da Ummi. Malamar asibitin ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce har yanzu masana na bin irin yaran nan suna dubawa, ba a gama sani ba, amma da cutar ta kama ta, da ita ce za ta fi taɓa ƙwaƙwalwar. A riƙa kawo ta ana dubawa.

Muka iso gida da la'asar, Ummi na barci a cinyata, gyaɗa a hannu. Abin da na gano, an yanke wa yarinya hukunci ba wanda ya taɓa tambayar ta me ta sani.

Washegari da safe na wanke ta tas, na kama hannunta, na kai ta gaban hedimasta na ce ya rubuta sunanta.