Laɓe a Bayan Dangar Inna

A gidanmu na ƙauye, kusa da Cadawa, ɗakunan kwana ne kawai na ƙasa. Sauran duk dangar kara ce. In maƙwabciya ta yi tari muna ji, in miyarta ta ƙone mu muke fara sani. Wannan ba wanda ke kiransa laɓe. Laɓe shi ne ka tsaya cak a bayan danga, ka riƙe numfashi, ka hana takalminka ƙara, don ka sha maganar da ba da kai ake yi ba. Shi ya sa babba mai mutunci in zai gifta masu zance yakan yi gyaran murya tun daga nesa. Yaro kuwa in aka kama shi, kunnen da ya yi laifin ake murɗewa.

Nawa kunnen ya sha murɗa. Kakata ta wajen uba, wadda ta rene ni, da ta ji kara ya motsa sai ta ce, "Wa ke laɓe nan?" alhali ta san ni ce. Ba gulma ke kai ni ba, ban taɓa kwasar maganar wani na kai wa wani ba. Abu ɗaya nake nema: in ji me Inna take cewa a kaina in ba na wurin.

Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kaka. In Inna za ta aike ni sai ta ce "ke", idonta a kan turmi. In ta ambace ni ga wasu, "ɗiyar tsohuwa" ce. Ƙannena kuwa suna hawa cinyarta, tana yi musu kitso tana tsokanarsu. Kowa ya ce mini kunya ce, haka aka gada. Na ji, amma ban yarda ba. A raina na yanke cewa matar nan ba ta sona, kuma abin yana cina ƙwarai.

Shekarar da na ci jarrabawar gama lakol, wato firamare, malaminmu da muke kira mushe ya zo har ƙofar gida ya shaida wa Baba za ni kolej a Gazawa, in zauna wurin gwaggona. Gida ya cika da barka. Inna tana sheƙar gero, ko kai ba ta ɗaga ba. "To, madalla," ta ce, ta ci gaba da aikinta. Na zagaya bayan rumbu na yi kuka har na gaji.

Inna tana da ƙawa, wata Bafulatana da ke kawo nono daga ruga ranar kasuwa. Bayan azahar sukan zauna su dama fura su yi ta hira. Ana jibi zan tafi ta zo, na ga sun ja tabarma sun zauna jikin dangar da ke kusa da rumbu. Na lallaɓa ta baya, na manna kunne da kara.

"Ashe ɗiyakki za ta tahi Gazawa?" in ji Bafulatana.

"Ɗiyar tsohuwa dai," in ji Inna.

Suka yi dariya. Daga nan ba abin da nake ji sai ludayi yana zagaya ƙwarya. Har na fara shirin janye jiki, sai Inna ta yi magana da wata murya da ban san tana da ita ba.

"Ƙawa, kwana ukku ke nan abinci bai yi mini daɗi ba. Yarinyar ga ba ta son yaji, kuma ba ta iya hwaɗi, sai ta zauna da yunwa ta yi kurum. Wa zai lura da ita can? Ran da mushe ya zo, da na ɗaga kai da kowa ya ga hawayena. Cikin ɗiyana duk babu mai hankalinta. Na yi mata ƙuli-ƙuli, ban sa yaji ba. Tsohuwa zan ba ta miƙa mata, ta ce ita ta yi."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na toshe baki da gefen zane don kada kukana ya tona mini asiri.

Ranar tafiya kaka ta miƙo mini ƙulli. "Ungo, na yi miki," ta ce, ita da rabonta da suyar gyaɗa tun ban yi wayo ba. Inna tana bakin murhu, ta ce, "Ke, a kama kai." Na ce to. A Gazawa guda ɗaya nake ci a rana, don kada ya ƙare da wuri. Ban taɓa gaya wa kowa abin da na ji ba, domin a ganina satarsa na yi.

Shekaru sun ja kafin Inna ta rasu, kuma har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. A zaman makoki Bafulatanar ta zo, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna. Nan na kasa daurewa, na ce mata, "Akwai ranar da na yi muku laɓe, ke da Inna."

Ta yi dariya har da share ido.

"Laɓe? Ɗiyata, dangar nan awaki sun cinye ƙasanta. Ƙahwahunki muna ganinsu sarai, da jan takalminki na roba. Ita ta ja ni munka zauna wurin. Ta yi ta juya hura tana jira, sai da ƙahwahun sunka zo kana ta hwara magana."

Da la'asar na tashi na zagaya inda rumbun yake a da. Ƙannena sun zagaye gidan da bulo, katanga har ƙasa, ko kaza ba ta samun wurin leƙe. Duk da haka na tsaya a wurin, na riƙe numfashi, na daɗe ban tafi ba.