Toka a Goshin Iya

A tashar Rogo, Sakinatu tana jiran motar Karaye ta cika, idonta na kan wata tsohuwa a gefenta. Siririya ce, zanenta ya koɗe, carbi mai ɗan gicciye na rataye a wuyanta. Ta ɗora jakarta a kan benci kamar mai kama wa wani wuri. Wataƙila ɗanta take jira daga Kano.

Akwai baƙi a goshinta. Sakinatu ta ɗauka na tukunya ne, ta kai bakin mayafinta.

"Iya, bari in goge miki."

Mayafin na taɓa goshin, tsohuwar ta cafke hannunta. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Bar shi, 'yar nan. Yau Larabar Toka ce, azuminmu ya kama. Fada ne ya shafa mini a coci, ya ce daga ƙasa na fito, ƙasa zan koma." Ta dubi jakar. "Bara tare aka shafa mana da maigidana."

Mota ta cika, tsohuwar ba ta motsa ba. Har Karaye Sakinatu na kallon ɗan baƙin da ya kama mayafinta, ta kasa kakkaɓe shi.